Naman Sunan da Na Mayar

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Bukkuyum, gidan haya ɗaya na zauna da wata mata da mijinta ɗan kabu-kabu. Daga Yargalma suka taso, bayan gubar dalma ta kashe musu 'ya'ya biyu. A tsakar gida ake daka dutsen zinariya a can, ƙurarsa mai dalma kuwa ta shiga jinin yara.

Matan unguwa suna gaishe ta da fara'a, amma ba sa cin abincinta, don tsoron gubar. In ta miƙa tuwo, wannan ta ce yanzu ta ƙoshi, waccan ta ce cikinta ba daɗi. Duk tana gani. Ni kaɗai nake sa hannu a kwanonta, shi ya sa ta riƙe ni tamkar yayarta. Ni kuma a zuci ina ta yabon kaina, wai na fi su wayewa.

Ni 'yar Katolika ce daga ƙasar Zuru. Muna azumin kwana arba'in kafin Ista, kuma kowace Juma'a a cikinsu ba ma cin nama, don tunawa da ranar da Yesu ya ba da ransa. Muna shan ruwa, muna cin abinci kaɗan. Wannan ne abin dariyar gidan. Ita ma takan tsokane ni, ta ce, "Malama, wanga azumi naku ai hutu na!" Nakan yi dariya, amma abin yana ci mini rai. Na ƙudura sai sun ga cewa ni ma da gaske nake.

Cikin azumin shekara ta biyu ta haifi ɗa namiji. Aka yi suna ranar Alhamis, mijinta ya yanka rago. Washegari, kamar yadda aka saba, aka soye naman don a raba wa dangi da maƙwabta. Ba aike ta yi ba. Ita da kanta, da jegonta, ta tako har ƙofar ɗakina da azahar, riƙe da kwano rufe da faifai. Ta same ni zaune da shinkafa da wake, cokali a hannu.

"Malama, ga naki. Ni niz zaɓa miki."

Matan gida suna bakin rijiya, duk suna kallonmu. Na ga ranar da nake jira ta zo. Na ɗaga murya na ce, "Ayya, yau Juma'a, azumi nake. Ba na taɓa nama. Koma da shi."

Ta dubi shinkafar da ke gabana, ta dubi bakina. Sannan ta rage murya.

"Ragon ga kasuwa munka saye shi, ba na garinmu na ba. Kuma sai da niw wanke hannu da sabulu."

Na fara bayani, ina kawo dokar coci, ina lissafa Juma'o'i. Ba ta tsaya ba. Ta ji uzuri iri-iri a unguwar nan, amma ba ta taɓa jin na mai azumi da loma a baki ba.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, soyayyen nama ne. Sati zai yi bai lalace ba. Ba wanda ya hana ni karɓa in yi godiya in ajiye zuwa Asabar. Ranar Lahadi na gaya wa Fada, limamin cocinmu, ina tsammanin zai yaba. Sai ya ce an ce mu bar nama ne don zuciya ta yi laushi, ya tambaye ni ko tawa ta yi.

Na je ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Ta ci gaba da gaishe ni, irin gaisuwar da take wa sauran matan. Ba ta sake miƙo mini jaririn in riƙe ba.

Da Ista ta zo na sayi kaji biyu, na ba mijinta ya yanka don kowa ya iya ci. Na yi dahuwar da ban taɓa yin irinta ba, na zuba mata cinya da ƙirji na kai. Na riga na shirya ta dawo mini da shi, na ma so ta yi hakan, ko ma yi kunnen doki.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe, ta yi bismilla, ta ɗauki tsoka ta ci a gabana a tsaye, idonta cikin nawa. Da ta haɗiye ta ce, "Mun gode, Malama. Mu ba mu maida abinci."

Da yamma na tarar da kwanona a bakin ƙofa, an wanke shi tas. Kafin damina suka tashi zuwa Gummi, ba ta yi mini sallama ba.

Har yanzu ba na cin nama ranar Juma'ar azumi. Amma ban ƙara faɗa wa kowa ba.