Hoton Yaron da Uwarsa Ba Ta Faɗin Sunansa

Akwai abubuwa da yawa da na yi a rayuwar aiki waɗanda sai an tuna mini nake tunawa. Amma abin da na aikata da wata tabilet a shekarata ta biyu a ƙasar Gure, ko tsufa ya taɓa mini hankali ba na jin zai fita daga raina.

A lokacin ni ne majo, wato shugaban wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye na yankin Gidigir. Daga yammacin ƙasa aka turo ni. Ba na jin Barbarci, Fulatanci kuwa gaisuwa kawai na iya. Mu biyu ne ma'aikata, ni da wata dattijuwar ungozoma ƴar garin, wadda kowa ke kira Hajiya. Ita ce bakina, ita ce kunnena. Takardar makaranta ba ta dame ta ba, amma babu rugar da ba ta san hanyarta ba.

Wani furoje, wato shirin tallafi, na lafiyar yara ya taɓa ba asibitin tabilet guda. Furojen ya ƙare, mutanensa suka kwashe motocinsu suka tafi, suka bar mana ita a kulle. Abu ɗaya tak take buɗewa, shafin rajistar yara. Ga nauyin tsiya: sai ka danna, ka je ka zuba shayi ka dawo tana nan tana tunani. Hajiya ce ke amfani da ita, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ni ne abin ke ci wa rai.

Allah ya yi ni da ƙaiƙayin hannu. Tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko, ba a barin rediyo kusa da ni. Na karanta cewa sistem, wato tsarin da ke tafiyar da na'ura, ana iya cire shi a sa wani, kuma akwai mutane masu sha'awa da ke haɗa nasu su raba kyauta. Na gwada a tsohuwar wayata, ta farfaɗo sai ka ce sabuwa. Daga ranar na sa wa tabilet ɗin asibiti ido. Ina ganin idan na canja mata kai, za ta ɗauki littattafan magani, ta ɗauki taswira, ta yi lissafin awon magani ko babu rezo, wato sabis ɗin waya. Niyyata ba mummuna ba ce. Sai dai in faɗi gaskiya, rabin abin son a ce na iya ne.

A daminar shekarar, kamar kullum, ana raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata, ruga-ruga da gida-gida. Bayan zagaye na farko wata yarinyar mace Bafulatana ta kawo ɗanta, leɓɓansa a kumbure, fatarsa tana saɓulewa. Maganin ne jikinsa ya ƙi. Kwana shida muka yi a kansa kafin ya miƙe. Ranar sallama na ce Hajiya ta gaya mata da harshenta kada a sake ba shi wannan magani har abada, domin karo na biyu yana iya kashe shi. Na rubuta hakan a kati na ba ta. Na ce wa Hajiya ta shigar da shi rajista, na juya ga mai jiran layi.

Mako biyu bayan haka na shiga Gure kai rahoton wata, tabilet ɗin tana jakata. Hajiya na ce wa zan kai ta a duba. A ɗakin wani abokina inda rezo ke da ƙarfi na sauke sabon sistem. Na san sarai cewa buɗe makullin na'urar yana share duk abin da ke cikinta, don haka ban yi gaggawa ba. Na fitar da rajistar yaran gaba ɗaya zuwa kwamfutar abokina, na buɗe na duba, layi-layi: suna, ƙauye, shekaru. Na ajiye ta wuri biyu. Har na yaba wa kaina da tsantseni. Sannan na danna.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, rubutu ya yi ta gudu, sai ga ta ta tashi garau. Kana taɓawa tana amsawa. Na mayar da rajistar, na loda littattafai, na hau moto, wato babur, na koma ƙauye ina jin kaina.

Washegari da hantsi Hajiya ta tara masu rabon magani a ƙarƙashin rumfa, domin saura kwana uku zagaye na biyu. Ta karɓi tabilet ta juya ta, ta danna nan ta danna can.

"Majo, wannan ba tamu ba ce."

"Ita ce, Hajiya. Kai na canja mata. Duba yadda take gudu."

"To ina hotunan?"

"Waɗanne hotuna?"

Ta ɗago ta dube ni. "Na yaran da ba a ba su magani. Na yaron nan da ya kwanta mana."

Na ce kada ta damu, sunansa yana cikin rajista. Na buɗe ina nema. Ta bar ni na yi ta ja da yatsa, sannan ta ce a hankali, "Ɗan fari ne, Majo. Uwa tana faɗin sunan ɗan farinta? Ko na mijinta ba za ta faɗa maka ba. Ni kuma ba zan tsare yarinya in sa ta kunya gaban mutane ba."

Sai a lokacin na ga abin da ke gabana. A gurbin suna Hajiya ta rubuta "ɗan fari", a gurbin ƙauye ta rubuta "ruga". Masu irin wannan layi sun fi goma. Shekara da shekaru dabararta ke nan: idan uwa ta yi kunyar suna, sai ta ɗauki hotonta rungume da yaron a cikin shafin rajistar, kafin kowane zagaye ta nuna wa masu rabo fuskokin waɗanda za a tsallake. Hotunan a can cikin tsohon sistem suke zaune. Abin da na fitar rubutu ne kawai. Na yi kusan shekara biyu ina aiki da matar nan kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Na ce ai uwar tana da kati.

"Kati?" in ji Hajiya. "A damina, a bukkar da ake tayarwa duk mako? Kuma in mai rabo ya zo da rigar likita ya miƙa mata, kana ganin za ta iya ce masa a'a?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Na kwana biyu ina neman hanyar dawo da abin da na share, na tambayi waɗanda suka fi ni sani ta waya. Amsarsu ɗaya ce, ya tafi. Muka hau moto ni da Hajiya zuwa inda ta san rugar take, tafiyar rabin yini cikin rairayi. Muka tarar da kashin shanu da duwatsun murhu. Wani mai noma a kusa ya ce sun tashi tun ruwan da ya wuce, sun yi arewa wajen Kelle, don shuka ta fito kuma dabbobi ba su da wurin tsayawa.

Na kira shugabana a Gure na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ce, "Wa ya ba ka izini?" Babu wanda ya ba ni. Ya sa aka sanar da asibitocin arewa. Amma me za mu sanar? Wata Bafulatana mai ƙuruciya, da ɗan fari mai kamar shekara biyu. A yankin nan wannan kwatance ya dace da kowace ruga. Aka umarci masu rabo su tambayi kowace uwa ko ɗanta ya kumbura a watan jiya. Namu sun tambaya, na tabbata. Na sauran wurare ban sani ba.

Zagayen ya wuce, na uku da na huɗu ma suka wuce. Ba a kawo mana yaro mai saɓulewar fata ba, ba mu kuma ji labarin an kai wani wuri ba. Wannan ba ya nufin komai, domin mutanen daji ba kowace rasuwa suke kawowa asibiti ba. Har aka canja mini wurin aiki ban sake ganin matar ba. Wataƙila yaron yana nan ya girma yana bin shanu. Wataƙila kuma ba haka ba. Ban sani ba, kuma na daina sa ran zan sani.

Har yanzu ina canja wa na'urori sistem, ban tuba da wannan ba, kuma ina koya wa wasu. Amma abin da na koya shi ne, wanda ya san cikin na'ura ba lallai ya san abin da aka ajiye a cikinta ba. Kafin in taɓa kayan aikin wani, sai na zaunar da shi na ce ya nuna mini da hannunsa yadda yake aiki da shi, daga farko har ƙarshe. Da na yi wa Hajiya wannan tambaya ta minti biyar, da yau na san ko yaron nan yana da rai.