Shagon da Ba a Samu Hita Ba

A layin masu kayan wuta babu wanda ya kai shi daɗewa, shi ya sa har masu furfura Baban Layi suke ce masa. Shagonsa ɗan tsut ne, kujera ɗaya da kantoci, sai soket a jikin bango inda yake gwada kowane ƙwan fitila kafin ya miƙa wa mai saye. A nan ya koya wa ƙanensa sana'a, har ƙanen ya buɗe shago mai ƙofa biyu a gabansa, ya kuma zama shugaban ƙungiyar layin. Duk mai fita cin abinci, Baban Layi yake bar wa makulli.

Wata shekara aka shigo da wata hita mai jan mariƙi, irin wadda ake tsomawa a bokiti. Ga araha, ga saurin tafasa ruwa. Kowa ya saro ta, har shi. Ana nan sai wata mata ta zo da 'yarta, ta kwance tsumman da ke hannun yarinyar. Robar mariƙin ce ta narke ta manne mata a tafi, yatsu biyu sun ƙi miƙewa.

"A nan na saya," in ji matar. Ta mayar da tsumman, ta ja 'yarta suka tafi.

Ya jona ɗaya a soket ɗinsa, ya ga yadda robar take yin laushi kamar kitse. A ranar ya kwashe duk nasa, ya farfasa da guduma, ya zubar, ya goge kantar tas. Da ya gaya wa ƙanensa, sai ƙanen ya ce, "Yaya ke nan. Wuta ai wuta ce. Wanda ya bar yaro da hita shi ya so."

Bayan 'yan watanni aka faɗa a rediyo cewa an gyara dokar kare masu sayayya: ɗan kasuwar da ya san kaya na da haɗari ya kai rahoto, kuma za a ɓoye sunansa. Matarsa ta ce, "Sirri a kasuwa, Malam? Inda in ka yi atishawa a ƙofar gaba ake yi maka sannu a ta baya?"

Duk da haka ya je ofishin hukumar kare masu sayayya. Ma'aikaciyar da ta saurare shi sa'ar 'yarsa ce. Ta ce, "Baba, sunanka ba zai fita daga ɗakin nan ba."

Kuma ta cika alkawari. Masu bincike suka zo da mota, suka bi shago-shago suna kwashe kwalayen hita. Da suka zo nasa ba su samu ko ɗaya ba, sai kantar hitar a goge. Layin duka na tsaye yana kallo.

"Yaya, kai kam Allah ya tsare ka," in ji ƙanen, yana murmushi.

Mai sayar da batir ya ce, "Ko mafarki ka yi ne, Baba? In ka sake yi, ka tuna da mu."

Aka yi dariya. Daga ranar sunansa ya koma Mai Mafarki.

Babu wanda ya zage shi. Makullai ne kawai suka daina zuwa. In ya yi gaisuwa a amsa da hanci. Dillalai suka riƙa ce masa kaya sun ƙare, alhali yana ganin ana sauke su a shagon gaba. Maƙwabci ya jibge kwalaye a bakin ƙofarsa, wai na ɗan lokaci ne. In tsohon mai ciniki ya zo nemansa, sai a ce ai ya tashi. Daga ƙarshe ƙungiya ta zauna, ta ce tana bukatar shagonsa don ajiya. Ƙanen ne ya kawo saƙon da kansa, har da durƙusawa.

Baban Layi ya koma ofishin. Ma'aikaciyar ta ba shi kujera da ruwa.

"Baba, in muka sa baki mun tona ka ke nan. Doka ta hana mu nuna ka taɓa zuwa nan."

"'Yar nan, ai an riga an sani."

"Ba dai daga wurinmu ba."

Sai ya tambaye ta ko wane ne ya shigo da hitar.

"Shi ma ɗan kasuwa ne, Baba. Sirrinsa na hannunmu kamar naka."

Yanzu a wajen ƙofar kasuwa yake zama da ɗan tebur. Ƙwan fitila yake sayarwa, babu soket ɗin gwaji, sai dai ya ɗaga ƙwan ya duba a hasken rana. Hitar ta dawo layin da shuɗin mariƙi.

Wata safiya matar nan ta zo wucewa da 'yarta, hannun yarinyar ɓoye cikin mayafi. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, daga teburin har silifas ɗinsa.

"Kin gane shi? Shi ya sayar mana. Kin ga yadda Allah ya yi da shi."

Ya sunkuyar da kai yana gyara jerin ƙwayayen, su kuma suka shige cikin layin.