Hannu Ya Karye

Ranar wata Laraba, a ranin shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, na ga abin da ko a mafarki ban taɓa zaton zan gani ba. Innarmu, matar da ko zaure ba ta leƙawa da rana sai ta lulluɓe har ƙasa, ita ce ke sheƙa gudu a tsakiyar layinmu na Wudil, ba takalmi, ba mayafi, ga muciya a hannu tuwo yana zuba. Matan maƙwabta suka dafe mata baya suna salati, ni kuma ina can ƙarshe ina haki, ban ma san me na faɗa da ya tayar da unguwa haka ba. Saƙo ne kawai Baba ya ba ni daga fadama, inda na kai masa fura: in je in ce wa Yaya Nafi'u ya kirawo Sale bakanike, hannu ya karye. Na shiga gida na faɗa yadda aka faɗa mini, ko gishiri ban ƙara ba. Da muka isa bakin kogi, sai ga Baba a tsaye garau, hannayensa biyu lafiya lau sai dai baƙin mai, yana jujjuya wani guntun ƙarfe yana tsaki. Ya ɗago ya ga matarsa da muciya da rundunar mata a bayanta, ya saki baki ya kasa rufewa.

Ashe injin ma yana da hannu. Baba yana da wani tsohon injin ban ruwa mai shan gas, irin wanda ake tayarwa da handil, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ake zura masa a gefe a yi ta murɗawa har ya kama. Shekara da shekaru yana shayar da 'yar fadamarmu ba gardama. Amma a ranin nan sai Baba ya sa ido a kan gonarmu ta tudu, wadda ya gada, ya ce ba dalilin da za ta riƙa kwana rani tana hutu kamar matar sarki. Ya dasa mata albasa tun kafin ya tabbatar ruwa zai hau. Da injin ya kasa tura ruwan, sai ya sa Sale ya faɗaɗa cikinsa, ya sa masa fistan babba, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinsa, ya buɗe masa mai. Ƙarfi ya ƙaru kuwa, har ƙasa na rawa in yana aiki. Sai dai akwai ƙarfen da ke riƙe da fistan yana kai shi yana komowa da shi, wanda Sale ke kira kwanrod, Baba kuma ya ce shi bai iya wannan yaren ba, hannu ne. Wannan hannun aka bari yadda yake, siriri, aka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Inna ta sha tsiya a kan gudun nan. Duk matar da ta shigo aron turmi ko rariya sai ta ƙyasa ido ta tambaye ta ya mai jiki. A makaranta ma ban tsira ba. Da an fita tara, ana cin awara da rake a gindin darbejiya, sai 'yan ajinmu su ajiye 'yar carafke su shirya wasan gidanmu: ɗaya ta zama injin tana “tuf-tuf-tuf”, ɗaya ta ɗauki kara ta ruga da shi a matsayin muciya. Na yi dambe a kan wannan har aka sa ni sharar fili. Sale ya sayo sabon hannu a nan cikin gari ya ɗaura, ruwa ya hau tudu, muka ga albasa ta miƙe tana sheƙi. Ba a jima ba sabon hannun ma ya ce ga garinku nan, da wata ƙara da ta tashi tsuntsayen bakin kogi gaba ɗaya. Wannan karon da na kai labari gida, Inna ko juyowa ba ta yi ba, tana shanya wanki ta ce, “Garin neman gira dai ake rasa ido.”

Daga nan gidanmu ya koma ba a zancen komai sai hannu. Sale ya ce duk waɗanda ake samu a kusa na zubi ne, kamar tukunya, da sun ji wuya sai su tsage. Wanda ake so shi ne na ƙira, wanda ya sha wuta da duka kamar fartanya. Ya koya wa Baba yadda ake ganewa: a rataye ƙarfen da zare a ƙwanƙwasa shi, in ya yi amo mai tsawo to ɗan asali ne, in ya ce ƙwas ya yi shiru a mayar wa mai shi. Baba ya riƙa yawo da zare a aljihu kamar mai ɗinki. Ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya dawo da ciwon ƙafa, ya bi 'yan gwangwan rumfa-rumfa, ranar kasuwar Juma'a kuwa kowa na gefen shanu da hatsi shi yana wajen masu tsofaffin ƙarafa yana ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe. Mu kuma aikin injin ya dawo kanmu. Da sassafe kafin makaranta, da yamma bayan allo, ni da Yaya Nafi'u muna hawa tudu da bokitai, gammo a ka, muna ɗiga wa albasa ruwan da bai wuce ya riƙe mata rai ba. Bakin ganyenta ya fara ja, wuyana ya sandare, na tsani albasa har a cikin miya.

A ƙauyen Achika aka dace. Wani mai kawo gero kasuwa ya ce akwai wata tsohuwa a can da mijinta ya mutu ya bar gawar injin niƙa na zamanin da, ɗan'uwan namu ne amma ya fi shi jiki. Baba ya hau keke ya tafi, ya dawo hannu wofi yana huci. Injin yana nan, hannunsa yana nan, amma kazar tsohuwar tana kwanci a ƙarƙashinsa, ta ce ko gwamna ne ba zai taɓa shi ba sai an ƙyanƙyashe. Haka muka ci gaba da ɗaukar bokiti muna jiran ƙwan kazar da ba mu taɓa gani ba, har addu'a nake mata. Ranar da Baba ya shigo da ƙarfen a naɗe cikin buhu, ya rataye shi a tsakar gida ya buga, amon ya daɗe yana zagaya kunnena kamar ƙararrawar makaranta. Ya dubi Inna fuskarsa fal murna ya ce, “Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.” Ita kuwa ta ce Allah Ya sa alheri, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Da hantsin wata Asabar aka gama haɗa injin. Ina wurin, na kai musu koko. Yaya Nafi'u ya kama handil, Baba ya ture shi ya ce wanda ya sha wahalar nema shi zai fara jin daɗi. Ya yi bisimilla, ya tofa yawu a tafi, ya soma murɗawa. Injin ya yi nauyi fiye da da, na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Sale ya saki makunnin da ke tayar da shi, injin ya yi tari sau ɗaya, sai kawai ya juyo da baya da dukkan sabon ƙarfinsa. Na ji ƙas, kamar an karya rake a gwiwa. Na dubi injin ina jiran hayaƙi, ban ga komai ba. Sai na ga Baba ya zauna daɓas a cikin laka, yana kallon hannunsa na dama, wanda handil ya fizge, ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba. Bai yi ihu ba, “Innalillahi” kawai yake maimaitawa a hankali. Kwanon koko ya suɓuce mini. Sale yana kwance rawaninsa zai ɗaure masa ya daka mini tsawa in ruga in gaya wa Inna.

Ban san lokacin da na isa gida ba. Inna na zaune a inuwar rumfa tana tankaɗe. Ina haki na ce, “Inna, hannu ya karye!” Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Ya karye mana, yau aka fara? Allah Ya sa na gaba na zinariya ne.” Na ce, “Inna, na Baba!” Ta buga rariya a tafinta ta ce, “Da ma na wa ne in ba na Babanku ba? Wuce ki ɗebo min ruwa.” Na tsaya ina kallonta. Wallahi tsoron da na ji a lokacin ya fi na bakin kogi, ganin uwata tana tankaɗe hankali kwance. Tana buɗe baki za ta yi mini faɗan tsayuwa, sai ga sallamar maza a zaure, aka shigo da Baba a rirriƙe, rawani ya jiƙe, fuskarsa ta yi fari fat. Inna ta dube shi, ta dube ni. Rariyar ta faɗi, gari ya watse a ƙasa, kaji suka yo kai, ba wanda ya kore su.

Maɗori ya zo ya ja, ya jera karare ya ɗaure, a nan ne na fara jin kukan Baba. Hannun ya warke a karkace, bai ƙara riƙe fartanya da kyau ba, balle handil. Maƙwabtanmu na fadama suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka haɗu suka tayar da injin da igiya, maza uku suna ja daga nesa. Ruwa ya hau tudu, rabin albasar ta tashi. Ƙarfen Achika kuwa bai taɓa ko lanƙwashewa ba har injin ya mutu. Baba yakan ɗaga karkataccen hannunsa ya yi dariya ya ce ya nemi wanda ba ya karyewa kuma ya samu, mantawa ya yi bai gwada nasa da zare ba. Inna ba ta taɓa taya shi wannan dariyar ba. Ta hana a sake kiran ƙarfe da sunan hannu a gidanta, ta koya wa harshenta cewa kwanrod da ƙarfin tsiya. Matan unguwa ma suka daina tambayarta ya mai jiki.

Yanzu in na je gida na gangara bakin kogi, shiru nake ji. Faya-fayan sola ne a jere suna kallon rana, yaro ma sai ya danna abu ruwa ya hau har tudunmu, ba hayaƙi, ba tuf-tuf, ba wanda zai tofa yawu a tafi. Baba ya rasu, kuma nakan yi kewar wannan karkataccen hannun da yake shafa mini kai da shi. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, amma mayafinta kullum yana kan cinyarta da takalmi a gefen tabarma. Jika ya shigo da gudu, ko kofi ya fasa, kafin ya buɗe baki ta riga ta miƙe. Muna ce mata ta zauna ta ji zancen tukuna, ba ta ji. Sau ɗaya ta taɓa zama, kuma har yau ba ta yafe wa kanta ba.