Kunnen Wakili a Dutsen Kulen

Duk wanda ya taɓa shiga wancan otal na Al Rigga mai ruwa yana gangarowa ta bangon zaure ya ga aikin Wakili, ko da bai ga Wakilin ba. Shi yana can ƙarƙashin ƙasa, inda injinan ruwa shida ke gurnani. Mutumin Kagoro ne, gajere, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji ciwo. Shekararsa goma sha huɗu a Dubai yana kunna ruwa da safe, ya kashe in an ce ya kashe. Ni Halliru ɗaurin kaya nake yi a kasuwar Murshid Bazaar, kuma shekara shida ke nan muna haya gida ɗaya, shi da Littafinsa Mai Tsarki, ni da buzuna na salla.

Wakili ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen, ya manna mariƙin a bayan kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ka ji ya ce, "Boris ɗin da injin nan ke juyawa a kai ya gaji, ba zai kai sati biyu ba." Kuma ba ya kaiwa.

Kunnen nan shi ne sana'arsa, kuma shi ne ya fara tafiya. Ni na fara lura. Sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo, wani lokacin kuma ya amsa "na'am" babu wanda ya kira. Likita ya gaya masa ƙarar injina ce ta cinye jin, wanda ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Ya roƙe ni kada kowa ya sani, balle matarsa Lucia da ke Kafanchan da yara uku.

"In ta ji, cewa za ta yi in dawo gida," in ji shi. "In dawo in yi me, Halliru? A bar kaza cikin gashinta."

Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi. Mutum ya ɓoye wa maigidansa na gane, amma uwar 'ya'yansa?

Akwai wani Sambat, ɗan Kambodiya mai ban ruwan furanni a otal ɗin. Da aurensa ya tashi, ya gayyaci Wakili, ya kuma cika masa kai da labarin wani dutse mai tsarki a ƙasarsu, Kulen, mai kufan tsofaffin sarakuna da ruwa mai faɗowa daga sama. Wakili ya ce zai je. Ya ce yana so ya ji ruwan da Allah ya kunna da kansa kafin ƙofar jinsa ta rufe.

"To ga ruwan Matsirga yana faɗowa daga dutse a bayan gidanku," na ce masa. "Sai ka tsallake shi ka tafi bangon duniya?"

Ya kau da kai. Na san ya ji ni. Hanyar Matsirga ta ƙofar ɗakin Lucia take bi.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, bayan ya dawo. Ya ce kwana biyu da biki suka ɗauki hanya da sassafe, don titin dutsen siriri ne, da safe na masu hawa ne, bayan azahar na masu sauka. Hazo ya kwanta a kan itatuwa, malam-buɗe-littafi suna ta bi ta gaban mota. A sama ƙasa ta miƙe shimfiɗe kamar ba a kan dutse suke ba. Sambat ya kai shi cikin kurmi inda ɗakunan ibada na jan bulo ke tsaye su kaɗai, saiwoyi sun rungume su, babu rufi, babu mai shara. Sun ga giwar dutse, gansakuka ya lulluɓe mata baya. Sun cire takalma sun hau matakala zuwa inda aka sassaƙa wani ƙaton mutum-mutumi a kwance a kan falalen dutse, mutane na ajiye furanni, hayaƙin turare na tashi a hankali. Wakili ya ce ya ga wani tsoho yana buga ƙararrawa, ya ga hannun ya tashi ya sauka, amma ƙarar ba ta iso masa ba.

Abin da ya fi tsaya masa shi ne rafin. Ruwa garai-garai, a ƙarƙashinsa an sassaƙa duwatsu jere-jere, ɗaruruwa, tun zamanin da ba wanda ya tuna. Sambat ya ce duk ruwan da ya bi ta kansu ya zama mai albarka kafin ya isa gonaki. Wakili ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya ce shi dai ma'aikatan yake tunawa, yadda suka tare ruwan kafin su yi aikin, da wanda ya ba da umarnin a sake shi.

Daga nan suka gangara zuwa babban ruwan. Ya gan shi fari fat yana zubowa daga tsayin bene mai hawa biyar ko shida, yara na tsalle, mata na lilo a kan kujerun da aka yi wa ado da furanni. Ya tsaya ya kasa kunne. Abin da ya iso masa bai fi yayyafi a kan kwanon maƙwabta ba. Ya ce gabansa ya faɗi.

Kun san abin da bawan Allah ya yi? Ya nannaɗe wando ya zagaya gefen dutsen yana leƙe-leƙe. Sambat ya bi shi yana kira irin na mutanen Dubai, "Habibi, me kake nema?" Sai a lokacin Wakili ya farga ɗakin inji yake nema. Ruwa ya yi rauni, ƙafarsa ta kai shi duba inji, kamar kullum. Na yi dariya har da hawaye da ya gaya min, shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Ya tsinci guntun gora, ya dafa bakinsa a jikin dutsen da ruwan ke duka, ya manna ɗaya bakin a bayan kunnensa. Ya ce nan take abin ya shigo masa ta ƙashi, ta haƙora, har tafin ƙafa. Gurnani ne mai zurfi, babu tangarɗa, babu alamar gajiya ko ɗaya. Ya saurara ya saurara yana neman aibu, bai samu ba. Lafiyar ruwan ƙalau. Shi ne mai lalurar. Ya ce bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba, feshin ruwa ya jiƙa shi sharkaf, kuma ya yi kuka ba wanda ya gane.

Da ya fito, ya hau inda waya ke kamawa ya kira Lucia. A Kafanchan gari bai daɗe da wayewa ba, tana hura wuta.

"Maman Clement," ya ce, "akwai maganar da na ɓoye miki. Kunnena yana mutuwa."

Ya ƙara manna wayar a kunnensa.

"Baban Clement," ta ce da ƙarfi, "shekara biyu ina maka ihu a waya, har maƙwabta sun ɗauka faɗa muke yi. Ka zaci ban sani ba? Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka dawo gida. 'Yarka Mary-Jane ta fara waƙa a coci, duk garin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa jin muryarta ba."

Wakili ya ce min wannan kam ya ji ta sarai, amma ya roƙe ta ta maimaita.