Zafin Kart da Jakin Kakata

Ni mutum ne mai ilimi, kada wani ya raina ni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku a Djougou kafin malamin ya gane na fi ƙarfinsa ya sallame ni. Daga nan na shiga jami'ar Gare, wato tashar mota ta Parakou, inda na fara da wankin taya na ƙare da tuƙa gingimari zuwa Malanville. Da wannan ilimin zan yi muku bayanin kart grafik, wani allo mai fanka biyu a cikin kwamfuta, wanda shi ke zana hoton da masu wasa ke gani. Amma sai kun biyo ni gidan kakata tukuna, don a can na fara karatunsa tun ba a ƙera shi ba.

Iya muke ce mata. 'Yar fatake ce, ubanta ya yi ta safarar goro daga Gwanja har ƙafa ta gaji ya yada zango a Djougou. In an idar da isha'i sai ta zauna bakin murhu ta tura doya cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta, wai tatsuniya muka zo ji, alhali ido na kan doyar. Zanenta kullum ƙanshin hayaƙi da ɗanyen ganyen goro. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, ga ta nan tafe da kaya a ka, mu kuma mu ce a sauke ta mu gani.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta jakai biyu a ayarin wani madugu, uwarsu ɗaya, Kwantau da Haƙurau. Kwantau, da zarar rana ta take kaya suka yi nauyi, sai ya durƙushe a tsakiyar hanya ya wage baki. A doke shi, a ja wutsiyarsa, a zagi kakanninsa, ba ya tashi sai jikinsa ya huce. A nan Iya takan ɗaga kai sama ta yi kukan jaki, mu yi ta birgima a ƙasa don dariya. Goro kuwa ba ya son jira, saboda haka sai fatake su cire huhu ɗaya daga bayan Kwantau su ɗora wa Haƙurau. Haƙurau ba ya cewa komai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Har suka rataya masa ƙararrawa a wuya suka sa shi gaban ayari, ana nuna shi ana sa albarka.

Duk zangon da aka sauka, madugu yakan kwance kowane huhu ya zura hannu ya ji ko goro ya ɗau zafi. In ya ɗauka, a canza ganye, a yayyafa ruwa. Goro ake taɓawa, ba a taɓa jaki. Ranar da aka fara hango rimin gida, sai Haƙurau ya tsaya, ya waiwayo ya dubi madugu, ya faɗi. Da madugu ya kai hannu zai kwance ƙararrawar, wuyan ya ƙona masa tafi kamar dutsen murhu. Kwantau kuwa ya rayu har haƙoransa suka zube.

A nan ba ma dariya. Mukan tambaye ta wanne za mu zama. Wani kawunmu, in yana kusa, yakan ce ai Haƙurau, shi ya mutu da mutunci. Iya sai ta juya doyarta.

"Wa ya ce ku zama jakai? Labarin madugu nake ba ku."

In za mu shiga barci, ɗaya bayan ɗaya muke wucewa ta gabanta, ta ɗora wa kowa tafin hannu a ƙeya, ta ɗan yi shiru kamar mai sauraro. Mai yawan kuka takan ture shi ta ce ya riga ya sha maganinsa. "Mai shiru shi ake taɓawa," in ji ta.

Ni dai ban ji duk wannan ba, Kwantau na zaɓa. Da na zama direba, allurar zafi na fara haurawa nake neman bishiya in faka, in buɗe bonet, in shimfiɗa tabarma. A Gare Direban Inuwa ake ce mini. Sun yi ta dariya, amma ban taɓa ƙona inji ba, kuma ga ni nan, haƙorana sun zube kamar yadda tatsuniya ta yi alkawari.

Ina da ɗan fari. Ba zan kama sunansa ba. Mu haka muka tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. Ya rasu, amma har yau harshen ya ƙi. Baban Rashida dai.

Shi ya buɗe ɗakin wasan kwamfuta kusa da Gare, wanda samari ke kira sal. A kusurwar gilashin kowace kwamfuta ya sa lamba biyu ƙanana, ɗaya ta nauyin aikin da ke kan kart, ɗaya ta zafinsa. Ba ni ya koya wa ba. Ina kan benci a waje da rediyo a kunne, wai labarai nake ji, alhali shi nake saurara yana yi wa masu wasa bayani. Yakan ce nauyi ya kai ɗari bisa ɗari ba laifi, don aikin aka yi shi, zafin ne abin dubawa. In lambar ta haura tamanin, sai ya rage wa hoton kwalliya, ko mai wasa zai yi fushi. Ya buɗe gefen akwatin, ya hure ƙura, ya sake shafa wani farin mai kamar na goge baki. Da bazara kuwa rufe sal yake da tsakar rana, wai injuna su sha iska. Yakan ce kart ba shi da baki, dole wani ya duba masa.

To injuna na shan iska, shi yana kasuwa yana gyaran waya. Da asuba yana tashar manyan motoci wajen lodi. Matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu, ya riƙe yara. Ƙanensa ya bar aiki, aka ɗora masa gidan ƙanen. Ƙafata ta kwanta, aka ɗora masa ni. Bai taɓa cewa uffan ba, dangi har Djougou suna sa masa albarka. Ina ganinsa daga benci yana matsa ƙeyarsa da hannu in ya ɗauka ba mai kallo. Uwarsa ta fi ni kunyarsa. Iya ta daɗe a ƙasa, duk gidan babu hannun da ke da izinin taɓa wuyan nan. Na aika maƙwabci ya ce masa ya rage. Amsa ta dawo, a ce wa Baba lafiya lau.

Wata rana da la'asar ya faɗi a cikin sal, da burushin share kart a hannunsa. Likita ya ce hawan jini ne, ya daɗe a jikinsa.

Rashida, babbar 'yarsa, ita ta karɓi makulli. Da safe jami'a, da rana sal, da yamma babur zuwa gidanmu a Tourou ta dafa wa ƙannenta da mu. Ba ta yi kuka ranar jana'iza ba, mata suka yi ta yaba haƙurinta, ni kuwa jin yabon nake kamar ƙarar ƙararrawa. Sa'ar da na ci ita ce jika ce, abokiyar wasa. Amarya nake ce mata, ita ta ce mini angon da ba ya cefane.

A bazarar da ta wuce ina kan bencina, wani saurayi ya ɗaga murya cewa wasansa na tsinkewa, motar da yake tuƙawa tana tafiya kamar mai ɗingishi. Rashida ta leƙa kusurwar gilashin ta ce masa zafi ya kai casa'in, kart ɗin ne ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Na ce a raina, ashe har Nasara sun san Kwantau, sun sa shi a akwati. Na lura kuma tana magana tana dafe da tebur. Na jawo sandata na shiga, na ɗora mata hannu a ƙeya. Dutsen murhu.

Ta ture hannun tana murmushi, ta ce ango ya bari sai ya biya sadaki, ita lafiyarta lau. Kalmar ubanta ke nan, ba ta canza ko wasali ba.

Sai na yi abin da na fi gwanancewa. Na je bakin ƙofar sal na kwanta a gicciye, da rigar Juma'ata, na ce ba mai shiga ba mai fita sai an rufe. Samari suka yi ta dariya, wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana. Rashida ta roƙe ni, ta ce mutane na kallo. Na ɗaga kai sama na yi kukan jakin Iya, da iyakar abin da ya rage mini na murya. Ɗaya bayan ɗaya suka tsallake ni suka tafi. Ta kashe injunan, fankoki suka yi shiru, ta zo ta zauna a ƙasa kusa da kaina.

"Kaka, in na tsaya, wa zai ɗauka?"

"A bar shi a hanya, amarya. Goro ne. Ba a binne mutum don goro."

Sai ta kifa kai a gwiwa, kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya zo. Na bar ta ta yi. Zazzaɓi ne, ta kwanta kwanaki, ƙanen ubanta ya zauna a sal dole, don na ce in ya ƙi a ƙofar ɗakinsa zan kwana.

Yanzu nakan tuna Iya in ga ashe ba tsoratar da mu take ba, aiki take koya mana, sai da na zama kaka na gane. An yi wa inji lamba a kusurwa, mutum kuwa har yau ba shi da ma'auni sai tafin wani. Kullum da yamma Rashida kan sunkuyo da kanta in taɓa, tana mitar cewa hannuna kaushi. Jiya da ɗan dama.

Wuyan ubanta sau ɗaya na taɓa shi, ranar da aka yi masa wanka, da kunya ta ƙare. Na daɗe da hannuna a wurin ina sauraro kamar yadda Iya ke yi. Ya huce.