Ranar da 'Yar Tudu Ta Shiga Jirgi

Tambaya ɗaya nake juyawa a raina har yau, wanda zai amsa mini ita kuma yana kwance a maƙabartar Doha: ran nan a bakin teku, ƙafar Malam ce ta gaza da gaske, ko dabara ya yi mini? Ni ban yi karatu ba, autata ce take rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata ko ta ga ina kuka kada ta ajiye alƙalami. Wannan rana ba za ta bar raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Mijina, Malam, mai fito ne a Yawuri. Tun yana saurayi yake ƙetarar da mutane kogin Kwara a jirginsa na katako. Ni kuwa daga wani ƙauye na ƙasar Gusau aka kawo ni, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na randa ba. Ina amarya aka kai ni gaida danginsa a tsibiri cikin jirgin kawunsa, iska ta taso mana a tsakiya, ruwa ya shigo har cinyata. Da na dawo na taka ƙasa na ce ni da jirgin ruwa har abada. Muka haifi 'ya'ya, muka aurar, muka yi furfura tare, ban taɓa sa ƙafa a jirginsa ba. Abinci nake kai masa bakin ruwa, in tsaya daga nesa. Shi kuma ya ce, "'Yar tudu, matso mana, kogin ya ƙoshi yau." Sunan da ya bi ni ke nan.

Da korona ta zo, ta kama shi a ƙirji. Ya tashi, amma numfashinsa bai koma daidai ba, gorar tuƙa jirgi ma ta fi ƙarfinsa. Aka ja jirgin aka kife a tudu. Ɗanmu na fari yana Doha, karatu ya kai shi har ya kama aiki a can, ga hanya a rufe. Ta waya yake ganin ubansa yana tari, ta waya muka ga jikar da matarsa ta haifa mana. Shi ya sa da aka buɗe wa baƙi ƙofa saboda gasar kofin duniya, ya ce sai mun zo.

Muka sauka a gidansu a unguwar Bin Mahmud. Gari ya cika maƙil, ko'ina ganga da tutoci, ƙarti sun shafa fenti a fuska kamar 'yan tashe. Malam bai damu da ƙwallo ba. Tun ranar da aka bi da mu ta bakin teku ya hango jiragen katako a jere, shi ke nan ya hana yaron nan sakat. Sai ɗanmu ya samo mana wuri a wani jirgi da ke kai baƙi Wakra, tsohon garin masunta, a yi yawo a dawo.

Na ce a sauka lafiya, ni zan raka su bakin ruwa kawai, surukata ta mayar da ni gida.

Malam yana da al'adar da ya gada wurin ubansa: ba ya shiga baƙon ruwa sai ya yi bisimilla, ya kamfata, ya wanke fuska, ya kurɓa. Cewa yake ba a shiga gidan mutum ba sallama. Da muka isa da hantsi, sai ya lallaba ya sauka matattakala ya tsuguna.

"Baba, kada ka sha, gishiri ne," in ji ɗanmu.

"Kai ne za ka koya mini ruwa?"

Ya kurɓa. Wallahi fuskarsa ta tattare kamar ta jaririn da aka ɗura wa maɗaci. Amma bai tofar ba, haɗiyewa ya yi, don tofarwa raini ne. Ya daɗe yana tari, sannan ya ce, "Na ji ana faɗa, amma ban zaci mai miyar ta zuba har haka ba." Na yi dariya har da riƙe ciki, abin da na daɗe ban yi ba.

Mai jirgin yana ta "Yalla, yalla, Hajji!", wato a yi sauri. An ɗora wani katako daga gaɓa zuwa jirgi. Malam ya taka, ya tsaya cak. Ɗanmu ya miƙo hannu, ya ture. Ya waiwayo ya ce, "'Yar tudu, ƙafata rawa take. Ara mini kafaɗarki, kada in faɗi gaban Larabawa."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana riƙe hannun mutane yana sa su a jirgi, yau shi ke neman a riƙe shi. Ban yi tunanin komai ba. Na shiga ƙarƙashin hammatarsa, muka taka a hankali, idona a kan ƙafarsa. Ban ɗaga kai ba sai da na ji inji ya tashi, na ga an janye katakon.

Na ce, "Innalillahi! Malam, ka cuce ni."

Ya ce, "Zauna nan tsakiya. Kada ki kalli ruwan da ke kusa, ki kalli nesa."

Na damƙe hannunsa har farcena ya yi masa shaida. Wasu samari 'yan Maroko suna ta kiɗa a gaban jirgi, dogayen benayen Doha suna ja da baya. Shi kuwa yana gaya mini abin da jirgin yake yi: yanzu zai hau, yanzu zai sauka, bar jikinki ya bi shi. Can sai na ji tsoron ya sake ni. Ashe iskar tsakiyar ruwa daban take da ta gaɓa. Na ce masa haka. Ya ce, "To ai abin da nake son nuna miki ke nan tun kina da baƙin gashi."

A Wakra muka zaga tsohuwar kasuwa, lunguna matsattsu, bango kamar na gidajen ƙasa na wurinmu, da ɗan masallaci da ke kallon teku. Ɗanmu ya ce mutanen garin da can nutso suke yi su ɗebo lu'ulu'u, su yi watanni matansu na jira a gaɓa. Na ce Allah sarki, ashe ina da 'yan'uwa a nan. A kan rairayi akwai tsofaffin jirage da aka ajiye don 'yan kallo. Mutane na ɗaukar hoto, shi kuwa Malam ya dafa ɗaya yana shafa inda katakon ya tsage. Daga nan muka nufi jirgi. A dawowa ba wanda ya riƙe wani, ni na fara hawa.

Ba a rufe gasar ba ƙirjin ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. A can Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi, nesa da Kwara. Abin da na koya kuwa, tsoro ɓarawo ne, kuma ba ya sata sai a wurin wanda kake ƙauna. Na shiga jirgin baƙi da Malam, nasa ban taɓa shiga yana raye ba.

Da na gama takaba na dawo gida, na sa ƙanensa ya toshe jirgin da auduga, aka tura shi ruwa. Mutanen bakin kogi suka taru suna kallon tsohuwa ta tattare zane, ta yi bisimilla, ta kamfata ta kurɓa, ta shiga ta zauna a tsakiya. Ba su san dalili ba. Da yammacin da Malam zai cika a asibiti, ya zare abin numfashin da aka sa masa daga fuskarsa, ya yafito ni, ya ce:

"Jirgi in ya daɗe a tudu tsagewa yake. Ki sa a mayar mini da shi ruwa. Kuma ke za ki fara shiga, 'yar tudu, ai yanzu kin iya."