Rijiyar da Ta Ci Yaya Sani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ciro wana, Yaya Sani, daga rijiyar masallacin layinmu a Kusfa, cikin Zariya. Haƙar rijiya da yasarta ce sana'arsa, ita ya gada daga mahaifinmu.

Shi ya fara cewa ruwan unguwa na warin fetur. Wani kamfanin mai yana da gidan mai a bayanmu, tankinsa na ƙarƙashin ƙasa yana yoyo. Yaya ya cika kwalba da ruwan ya kai wa manajan. Mutumin bai ko sunsuna ba. Ya ce, "Malam, kai injiniya ne?" Ma'aikatansa suka yi dariya.

Da surutu ya yi yawa, kamfanin ya haƙa mana famfon burtsatse. Ba a cikin unguwa ba, a bakin titi, inda masu motoci za su ga allonsa. Aka kafa rumfa, aka yanka kirtani, aka yi jawabin sauke haƙƙin al'umma. Ba a taɓa tankin ba. Kafin damina ta fita injin ya mutu, muka koma wa rijiyoyinmu.

Dattawa suka roƙi Yaya ya yashe ta masallaci, ko warin zai ragu. Ya san akwai haɗari, amma ya ji nauyinsu. Ya shiga da hantsi. Iskar man ta shaƙe shi tun bai cika guga na biyu ba. Ni nake riƙe da igiyar.

Ran sadakar uku mutanen kamfanin suka zo da buhunan shinkafa masu tambarinsu, da mai ɗaukar hoto. Suka nemi a fito musu da matar Yaya, Hajara, tana cikin takaba. Mai hoton ya ce, "Hajiya, ɗan janye mayafin, fuskar ba ta fita." Ta janye. Ina tsaye ina kallo. Da sabuwar shekara hoton ya fito a kalandarsu, an rubuta a ƙasa cewa suna tare da marasa galihu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma mun ci shinkafar, har da ni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yau gidan man ya sha sabon fenti. Duk azumi suna rabon abinci, layi har kusa da Ƙofar Kibo. Rijiyoyin layinmu an rufe su da siminti, ruwa sai na 'yan garuwa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga maƙwabtan da suka yi masa salla suna turereniya a wannan layin. Ina jin ba zai zage su ba. Zai tambaya ne kawai ko an canja tankin. Ni ban sani ba, ban kuma taɓa zuwa na tambaya ba.

Me ya rage nasa? Hajara ta yi aure a Soba. Sunansa ba ya kan kowane allo. Bara dai na ratsa wani ƙauye a hanyar Giwa, wata tsohuwa ta ba ni ruwa mai sanyi a kwano. Na yaba. Ta ce, "Wani Sani ne daga Zariya ya haƙa mana rijiyar. In ka san shi, ka ce tana bukatar yasa."

Na ce zan faɗa masa.